Darasi: 'Yan Makaranta Su Koya wa Juna Ilimin Ƙasa da Duwatsu

Yaro yakan gama firamare, ya shiga sakandare, ya haddace sunayen duwatsu da na ƙasa iri iri da Turanci, ya kuma ci jarrabawa. Sa'ad da ya koma gida hutu, sai ubansa ya kai shi gona, ya nuna masa inda ruwa ya fara cin ƙasa, ya ce, "Kai da ka yi boko, me ya kawo wannan? Yaya kuma za mu yi?" Sai yaro ya sunkuyar da kai. Karatu kam ya yi, amma bai taɓa riƙe abin a hannunsa ba, bai kuwa taɓa bayyana wa wani da bakinsa ba. Uban ya biya kuɗin makaranta, gona kuwa tana ta zaizayewa.

Saboda wannan ne muka shirya darasin nan. Muna roƙon malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin matasa su ba yara dama su shirya darasi da kansu, su tsaya gaban 'yan ajinsu su koyar. Mun ɗauki Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano, da unguwannin Fagge da Sabon Gari, su zama misali. Wanda yake ƙauye zai ga a ƙarshe yadda zai yi da abin da ke kusa da shi.

Manufar darasi

1. Yara su gane cewa ƙasar noma daga dutse take fitowa, ruwa da iska kuma suna iya kwashe ta.
2. Kowane yaro da kowace yarinya su iya bayyana wannan da Hausa, da abin nuni a hannu.
3. Su kai abin da suka koya gida.

Ba sabuwar hanya ba ce

A makarantar allo malam ɗaya ne, almajirai da yawa, saboda haka gardi ne yake biya wa ƙolo karatu, shi ma nasa yana ƙara zama. A Ingila wani malami, Joseph Lancaster, ya buɗe makaranta a Landan a 1798, inda yaran da suka yi gaba suke koya wa na baya. A 1978 kuma Dokta David Morley, wanda ya yi aikin likita a Imesi-Ile a nan Nijeriya, ya haɗa kai da waɗansu suka fara wani shiri na manyan yara su koya wa ƙannensu kiwon lafiya.

Abin da muke so ya ɗan bambanta. A nan tsara ne zai koya wa tsara. Yaro yakan ji nauyin malam, ya ce ya gane alhali bai gane ba. Amma abokin wasansa ba zai ƙyale shi ba, zai ce, "Tsaya, ban ji ba, sake faɗa." Wanda ya san za a yi masa irin wannan tambaya, dole ya zauna ya fahimci abin sosai tun kafin ranar.

Me ya sa muka zaɓi tasha?

An shimfiɗo layin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Fagge ta riga shi da nisa, gama tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa fatake daga arewa suke sauka a can. Sabon Gari kuwa zuwan jirgi ne ya haife ta. Mai tsayawa a bakin tasha zai ga tsakuwa a ƙarƙashin dogo, da tsatsa a jikin tsohon ƙarfe, da jar ƙasa, da magudanan ruwa, da ƙura a kan kowane rufi. Ta yamma kuma ga dutsen Dala da Goron Dutse. Duk abin da darasin yake bukata yana wurin, ba sai an sayi littafi ba.

Gargaɗi: malam ya nemi izinin shugaban tasha tukuna. Kada yaro ya hau kan dogo ko ya shiga tsakanin taragu. Kada kuma a ɗebi tsakuwar layi, gama tana da aiki a inda take. A kalle ta da ido kawai, a nemi irinta wurin masu sayar da kayan gini.

Yadda za a shirya

Mako biyu sun isa. A raba aji ƙungiya huɗu, maza da mata a gauraye inda al'adar makaranta ta yarda. A ba kowace ƙungiya tambaya ɗaya tak.

A mako na fari, a kai ziyara tasha, kowace ƙungiya ta rubuta abin da ta gani game da tambayarta. Su kuma tambayi manya: maginin ƙasa, da mai haƙan rijiya, da mai lambu, da tsohon ma'aikacin reluwe. Da ɗan gari akan ci gari. Mai haƙan rijiya ya san abin da ke ƙarƙashin Kano gaba bayan gaba, ko da bai taɓa shiga aji ba.

A mako na biyu, su tara kayan aiki, su gwada gwajinsu aƙalla sau biyu, sa'an nan su koyar a gaban malam shi kaɗai. Wannan mataki ba a tsallake shi. In yaro ya koyar da kuskure, kuskuren zai bazu cikin aji duka, ya yi wuyar cirewa.

Dokokin masu koyarwa su ne waɗannan. Ba a karanta darasi daga takarda. A fara da Hausa, sunan Turanci ya biyo baya domin jarrabawa. Kowa cikin ƙungiya yana da aiki: mai tambaya, mai gwaji, mai zane a allo, mai taƙaitawa. In an yi tambayar da ta fi ƙarfinsu, su ce, "Za mu tambayo," su kuwa tambayo.

Ƙungiya ta ɗaya: Daga ina ƙasa ta fito?

Kayan aiki: tsakuwar gini, dutsen rafi mai sulɓi, guntun marmara, ƙusa biyu, tsumma.

Kwana huɗu kafin darasi, a naɗe ƙusa ɗaya cikin jiƙaƙƙen tsumma, a bar ɗayar a bushe.

Mai koyarwa ya fara da tambaya: me ya sa ake zuba fasasshen dutse a ƙarƙashin dogo, ba a zuba dutsen rafi ba? A tara kowanne a kan tebur a danna da hannu. Dutsen rafi zai watse, fasasshe kuwa zai cije, gama kaifinsa yana riƙe juna. Ga shi kuma ruwan sama yana wucewa ta tsakaninsa, ba ya kwanciya.

Sa'an nan a raba tsakuwa, kowa ya duba tasa a rana. Yawancin tsakuwar gini a Kano dutsen da masana suke kira giranit ne, irinsa ne kuma yake kwance a ƙarƙashin birnin. Ya fi shekara miliyan 500. Mai lura zai ga ƙwayoyi iri uku a jikinsa: mai ƙyalli kamar gilashi, da fari ko ja-ja, da baƙi. Rana da ruwa suna cin dutsen nan a hankali har ya ruɓe. Mai kama da gilashi ba ya narkewa, shi ne yake zama rairayi. Farin yakan zama yumɓu. Baƙin yana da ƙarfe a ciki, shi ne yake yin tsatsa.

A nan sai a fito da ƙusoshin. Jiƙaƙƙiyar ta yi ja. A ajiye ta kusa da marmara, a tuna wa aji tsatsar da suka gani a tsohon ƙarfen tasha. Jan duka ɗaya ne, wato ƙarfe ne ya haɗu da iska da ruwa. Damina da rani na shekaru masu ɗimbin yawa sun wanke abin da ke narkewa, suka bar mai ƙarfen, shi ne marmara. Ita ce take saman Dala da Goron Dutse. Labarin kakanni ya ce maƙera ne daga Gaya suka zo neman tama suka zauna a gindin Dala, masu binciken tarihi kuma sun sami alamun narka ƙarfe a wurin tun ƙarni na 7.

Abin da manomi zai ɗauka: marmara tana ƙara tauri in ta fito fili. Gonar da ruwa ya kwashe ƙasarta ta sama har marmara ta bayyana ta zama fako, garma ba ta shiga.

Ƙungiya ta biyu: Me ya sa gyaɗa ta karɓi ƙasar Kano?

Kayan aiki: kwalabe uku masu haske, gwangwanaye uku, kofi, ƙasar jigawa, lakar fadama, ƙasar da ta sha taki.

Su fara da labari. Turawa sun sa rai jirgi zai riƙa kwasar auduga ne daga Kano. Amma tun daga 1912 manoma suka juya ga gyaɗa, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa saye, har aka yi dalar gyaɗa kusa da layin dogo. Farashi yana cikin dalilai, haka kuma kasancewar gyaɗa abinci ce in shekara ta ɓaci. Amma ƙasar ma tana da nata bayani.

Gwaji na fari: a zuba kowace ƙasa cikin kwalbarta har kashi ɗaya bisa uku, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Rairayi zai kwanta cikin minti ɗaya. Ƙasa mai laushi za ta biyo bayan sa'o'i. Yumɓu sai ya kwana, wani lokaci ya fi. Ɓurɓushin taki zai taso sama. Mun taɓa ganin waɗansu yara sun girgiza kwalabensu a gaban aji, suka tsaya jira har aka kaɗa ƙararrawa, ruwa bai washe ba, 'yan aji suna ta dariya. Saboda haka a shirya waɗansu kwalabe tun jiya, a girgiza sababbi a gaban jama'a, a nuna duka.

Gwaji na biyu: a huda gindin gwangwanaye da ƙusa ɗaya, huji biyar biyar. A zuba ƙasa daidai wa daida, a zuba wa kowanne kofi ɗaya na ruwa, aji ya riƙa ƙidaya. Ruwa zai zube da sauri daga jigawa, ya daɗe a kan laka. Ƙasa mai taki za ta sha ruwan ta riƙe da yawa.

Gyaɗa cikin ƙasa take 'ya'ya. Tana son ƙasa mai taushi wadda ruwa ba ya kwanciya a kai, mai sauƙin cira. Irin wannan ce ta fi yawa kewaye da Kano. Aibinta shi ne ba ta riƙe ruwa da abincin shuka. Shi ya sa tun da can manoman karkara suke ɗaukar taki da toka da shara daga birni a kan jakuna su kai gona, da haka suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu. Farin 1973, da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, suna cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa.

Ƙungiya ta uku: Ina ruwan da ya zuba a rufin tasha yake zuwa?

Kayan aiki: tire biyu ko guntayen kwanon rufi, ƙasa, ciyawa ko kara, gwangwani mai huji da yawa, kwano biyu.

Su fara da lissafi a allo. Ruwan sama milimita 1 a kan wuri mai tsawon mita 1 da fāɗin mita 1 lita 1 ne. Kano takan sami wajen milimita 800 zuwa 900 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Rufin da ke da tsawon mita 10 da fāɗin mita 5, in an yi milimita 800, zai zubar da lita 40,000, wato duro 200 mai cin lita 200. Aji ya yi tunanin rufe-rufen Fagge da Sabon Gari duka.

Ruwan da ya sauka hanya uku gare shi: ya nutse cikin ƙasa, ko ya gudu a sama, ko rana ta shanye shi. A da, kududdufan birni, waɗanda aka haƙa domin ƙasar gini, suna tare ruwa mai yawa. An cike da dama daga cikinsu an yi gini a kai, siminti da kwalta kuma sun rufe ƙasa. Ruwan da ya rasa wurin nutsewa sai ya bi titi ya shiga gidaje.

Rafin Jakara yana tasowa daga cikin birni, ya wuce kasuwar Kurmi, ya ratsa ta gefen Fagge da Sabon Gari, ya haɗu da Getsi mai ɗauko ruwa daga Bompai, ya zuba a dam ɗin Wasai ta wajen Minjibir. Masu lambu suna ban ruwa da shi, saboda haka abin da aka zuba a kwata a birni yana iya komowa kasuwa cikin ganye. Kada yara su taɓa ruwan, kallo ya isa. Su kuma nuna a taswira cewa kogunan Kano ba teku suke nufa ba. Kogin Kano da Chalawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, su nufi Tabkin Cadi.

Gwaji: a cika tire biyu da ƙasa iri ɗaya, a jingina su su karkata daidai. A rufe ɗaya da ciyawa ko kara, a bar ɗaya tsirara. A yi musu ruwan sama da gwangwani mai huji, a tari abin da ya gangaro cikin kwano. Na tsirara zai fito da yawa, ja wur. Na rufe zai fito kaɗan, ya fi haske. Mai koyarwa ya ɗaga jan ruwan ya tambayi aji, "Wannan jan, gonar wa ke nan?"

In da lokaci, su ƙara da maganar rijiya. A Kano ruwan ƙasa yana zama ne cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, shi ya sa wani yakan sami ruwa maƙwabcinsa ya rasa. Mai bin layin da aka kai Nguru a 1930, ta Ringim da Malam Madori, zai ga duwatsu sun ɓace, sai rairayi mai zurfi, a cikinsa ne ruwan can yake kwance.

Ƙungiya ta huɗu: Daga ina ƙurar hunturu take?

Kayan aiki: farin faranti biyu, man shafawa, tire, busasshen rairayi, faifai, tsinken tsintsiya.

Da hunturu aka fi jin daɗin wannan. A shafa wa faranti biyu mai, a ɗora ɗaya a kan rufi, a rufe ɗaya a ɗaki, a kawo su bayan kwana uku. A bar aji su murza ƙurar a yatsa su ji laushinta, kamar garin alkama.

Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele take, a arewacin ƙasar Cadi. Dubban shekaru da suka wuce wurin gindin babban tabki ne. Da ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas tana kwaso ta, ta kawo mana hazo, wata ma har ta haye teku ta sauka a Amurka ta Kudu. Ƙurar tana kawo tari da ciwon ido, amma wadda ta sauka a gona tana ƙara mata ɗan abincin shuka. Aji ya lura: ruwanmu Cadi yake nufa, ƙurar Cadi kuma wurinmu take zuwa.

Gwaji: a baza rairayi a tire a fifita da faifai, a ga yadda yake tashi. Sa'an nan a kakkafa tsinken tsintsiya layi layi, a sāke fifitawa. Rairayi zai taru a gindin tsinkayen. Haka kara da itatuwa suke yi a gona. Manoman yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, suka shiga barin kututturan itatuwa su tofo a gonakinsu maimakon sassabe su duka. Suna kiransa sassabin zamani, ya kuwa mayar da itatuwa masu yawa a gonakin kudancin Nijar.

Ranar darasi

A ba kowace ƙungiya minti 20, a bi jerin nan, gama labari ɗaya ne: dutse ya zama ƙasa, ƙasa ta ciyar da mu, ruwa da iska suna kwashe ta in ba a tsare ta ba. Malam ya zauna a baya da takardarsa. Kada ya katse mai magana, ko da ya ga yana ɗan tuntuɓe. Ya rubuta, ya gyara a ƙarshe, ya fara da abin da aka yi daidai.

Kurakuran da aka fi yi uku ne. Mai baki ɗaya ya kwashe magana duka. A yi gwaji ba daidai ba, ƙasa ta fi yawa a wani gwangwani ko tire ɗaya ya fi karkata. Ko kuwa masu koyarwa su faɗi amsa kafin gwaji. A bar aji su yi cānki tukuna, a rubuta a allo, sa'an nan a gwada. Gani ya kori ji.

Ma'aunin darasin shi ne 'yan aji, ba masu koyarwa ba. Washegari malam ya kira yaro daga ƙungiya ta huɗu ya bayyana gwajin ƙungiya ta ɗaya. In ya iya, an koyar.

Ga waɗanda suke ƙauye

Ba kowane gari ne yake da tasha ba, amma kowane gari yana da inda ƙasa ta buɗe cikinta: rijiyar da ake haƙa, ramin ƙasar gini, gefen hanyar mota, ko kwarin da ruwa ya ci. A kai yara can, a yi tambayoyin nan huɗu. A lokacin hutu kuma, kowane yaro ya maimaita gwajin tire biyu a tsakar gida, gaban iyayensa, da ƙasar gonarsu. In uban ya sāke tambaya, yanzu yana da abin da zai ce: "Baba, mu bar kara a wurin nan, mu ja kunya ta tare gangara, mu jera duwatsu a bakin kwarin kafin ruwa ya sauka."

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ina ne a garinku ruwa ko iska suka fi cin ƙasa? Tun yaushe?
2. Wane dattijo ne ya fi sanin ƙasar garinku? Yara sun taɓa tambayarsa?
3. Me yake hana malami barin yara su koyar? Yaya za a kawar da shi?
4. Wane aiki ɗaya ajinku zai yi a filin makaranta kafin damina mai zuwa?

Makarantar da ta gwada darasin nan ta rubuto mana abin da ya faru, har da inda aka sami matsala, domin sauran masu karatu su ƙaru.